Guntun Robar Da Ke Tsare Wuyan Keke

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, mai sayar da kayan keke a kasuwar Sabo ta Shagamu, ya gabatar a taron ƙarshen wata, bisa roƙon ɓangaren matasa.



Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya da mataimakansa, malamai, iyayena da yayyena, da ku ƙannena da 'ya'yana, ina gaishe ku baki ɗaya, da fatan kowa ya baro gida lafiya.

Bayan haka, ranar da sakatare ya same ni a rumfa ya ce matasa sun nemi in zo in yi magana a kan keke, dariya na fara yi. Na ce masa a wannan wuri an saba jin maganar fili da haraji da zamanmu da masu masaukinmu, yau kuma a ce mutum ya tashi gaban manya yana bayanin guntun roba? Amma da ya tafi na zauna na tuna abin da ya sami yaron nan mai burodi a daminar 2024, sai na aika masa na ce zan zo.

Da yawanku kun san yaron, ba sai na kama suna ba. Da sassafe ya taso ta hanyar Ikenne da akwatin burodi a bayan kekensa, ya zo gangara, ya karkata kan keke don ya kauce wa rami, da ya zo mayar da shi sai wuyan ya cije. Ya faɗi a tsakiyar titi, ga tifa a bayansa. Allah ya sa direban ya ga abin da wuri ya taka birki. Yaron ya sami karaya a kafaɗa, wata biyu bai fita sana'a ba, kuma daga asusun nan namu aka taimaka aka biya mai ɗori. Da aka kawo mini keken na kwance wuyan, wallahi babu ko ɗigon giris a ciki. Jar ƙasa ce ta daskare da tsatsa, boris biyu sun fashe, kejin da ke riƙe su ya marmashe. Zoben robar da ya kamata ya tare wannan ƙazanta kuwa babu shi, babu alamarsa. To a kan wannan zobe zan yi magana, da yadda mutum zai yanka nasa in ya rasa na saye.

Bari in fara da yadda wuyan keke yake, saboda waɗanda ba su taɓa kwancewa ba. Ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, wanda muke kira fok, yana da bututu a samansa. Wannan bututu shi ke ratsawa ta cikin gajeren bututun da ke gaban bodin keke, ya fito ta sama a ɗaura masa kan keke. Don ya riƙa juyawa ba gardama, sai aka sa kwanon boris guda biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Boris ɗin wuya ƙanana ne, akasari masu lamba 5/32 na inci. Kada a haɗa su da na tayar gaba masu 3/16, ko na tayar baya masu 1/4. Na faɗi wannan ne don na sha ganin yaro ya zo ya ce a ba shi boris na Naira kaza, ba tare da ya san na ina yake nema ba.

A cikin kwanon nan biyu, na ƙasa shi ne bawan Allah. Nauyinka da na kayanka a kansa suke, duk ramin da taya ta faɗa shi ke shan dukan, sannan kuma yana zaune daidai saman taya, inda take watso ruwa da yashi. Tsakanin kwanon da kafaɗar fok akwai 'yar kafa, dole ce, don in babu ita ba zai juya ba. Ta wannan kafa ruwa ke shiga. In ruwa ya shiga da yashi ya haɗu da giris, sai ya zama kamar abin wasa wuƙa, kana tuƙi yana cin ƙarfen a hankali. Kekunan zamani, irin na hawan dutse da na 'yan makaranta da ake kawowa tokumbo, suna zuwa da siririn zobe na roba ko na filastik a wannan kafa. Makanikai suna ce masa sil. Tsofaffin kekunanmu irin su Raleigh da Phoenix da Hero yawanci ba su da shi ma, sai dai leɓen kwano ya ɗan rufe kafar, sannan suna da madigadi mai kyau.

Wani zai ce, ai a gida mun hau keke shekara da shekaru ba mu taɓa jin wannan magana ba. Gaskiya ne. Ni ma a ƙasar Kano na koyi keke, lokacin ana haɗa Raleigh a Bompai, kuma mahaifina sai ya yi shekaru bai buɗe wuyan kekensa ba. Amma ku duba bambancin. A Kano ruwa wata huɗu ne zuwa biyar, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba, sauran shekara rani, duk abin da ya jiƙe zai bushe. Mu nan Kurmi ruwa yakan sauka tun Maris, bai ɗaukewa sai Oktoba ko Nuwamba, in ka cire ɗan hutun da yake yi a Agusta. Ko ranar da ba a yi ruwa ba iska a jiƙe take. Ga jar ƙasar nan mai danƙo da ke kan hanyoyin ƙauyukan Remo. Keken da aka saba da shi a Arewa, in aka yi masa riƙon Arewa a nan, damina biyu ta ishe shi.

Sannan kuma keke ya dawo. Tun da okada ya bazu a ƙarshen shekarun 1980 mutane suka jingine kekuna, har na yi tunanin in canza sana'a. Amma daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur da muke saye ƙasa da Naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Sai ga masu burodi, masu shayi, masu gyaran takalmi, da yaran da ke bin ƙauyuka sayen goro, kowa yana neman keke. Yawancin abin da suke saye tokumbo ne, wanda ya gama aikinsa a wata ƙasa, robobinsa sun bushe tun kafin ya hau jirgin ruwa. Ka buɗe wuyan, zoben ya tsage biyu a hannunka.

To me ya sa ba za a sayi sabo ba? Jama'a, ni ɗan kasuwa ne, da ina da shi da na sayar muku, ba sai na zo nan ina ɓata wa kaina ciniki ba. Ban taɓa samun dilan da ke kawo zoben shi kaɗai ba, daga Ikko har Badun. Sai dai ka sayi saitin wuya gaba ɗaya, kuma ko shi ɗin ba lalle ya hau kekenka ba. Akwai wuya mai inci 1, akwai mai inci 1 da 1/8. Tsohon Raleigh na Ingila ma zaren notinsa daban yake, 26 ne a kowane inci, alhali na yawancin sauran kekuna masu wuyan inci 1 ɗin 24 ne. In ka tilasta masa notin da ba nasa ba, ka kashe zaren fok, ka jawo wa kanka babbar asara a kan ƙaramar matsala.

Yanzu ga yadda ake yi. Abin da kake bukata: tsohon tub da ya gagari faci, almakashi mai kaifi, kananzir kaɗan, tsumma, giris, da sifana. Notin wuya mai inci 1 yawanci lamba 32 ne, na babban kuwa 36. In irin na zamani ne marar zare, alanki mai lamba 5 zai kwance maka kusan komai.

Ka shimfiɗa buhu ko tire a ƙasa kafin ka taɓa komai, don boris in suka zube a cikin yashin Sabo, sai dai ka yi musu addu'a. Ka cire tayar gaba. Ka sassauta dogon notin da ke tsakiyar kan keke, ka ɗan buga shi da katako ya sauka, sannan ka zare kan. Mai birkin sanda sai ya fara kwance sandar birki. Ka kwance notin sama, ka cire washa, ka kwance kwanon sama kana riƙe da fok da ɗaya hannun, sannan ka zare fok a hankali. Ka ƙirga boris na sama daban, na ƙasa daban. Ka wanke komai da kananzir, ka goge ya bushe sarai.

Sai tub. A nan ne mutane ke kuskure, don ba kowane tub ne ke yi ba. Na babur ya yi kauri kuma ya yi faɗi, zai zauna sakwa-sakwa ya zama aljihun tara ruwa. Na siririn keken tsere ya matse da yawa, zai riƙe wuyan. Wanda na fi samun dacewa da shi shi ne tub ɗin keken hawan dutse, mai lamba 26, irin mai faɗin nan. Ka nemi wurin da babu faci, nesa da bawul, ka yanka shi a gicciye kamar kana yanka rake, ka fitar da zobe mai faɗin yatsa biyu. Ba tsaga shi za ka yi ba, zobe ne rufaffe. Ka yi ƙoƙari bakin ya miƙe, don duk inda almakashi ya ɗan ci gefe, daga nan zai fara yagewa. Ka wanke farar hodar da ke cikinsa.

Ka buɗa zoben da yatsu ka sa shi a jikin kwanon ƙasa, ta waje, ka naɗe shi sama kamar yadda ake naɗe hannun riga, ya kauce maka. Sannan ka cika kwano da giris, ka jera boris, ka mayar da fok, ka haɗa na sama, ka daidaita. Sai an gama ɗauri za ka warware zoben ya sauko. Abin da ake so shi ne kashi biyu cikin uku na robar ya kama kwano gam, ragowar ya sauko ya lulluɓe kafar nan, ya ɗan taɓa kafaɗar fok kawai. Wato ya zama kamar siket: a sama yake ɗaure, ƙasa a sake. In ya kama sama ya kama ƙasa, to ka ɗaure wuyan keke da roba ke nan, duk juyin da ka yi yana ja yana mayar da kai. In ka ga haka, ka rage tsawonsa da reza kaɗan-kaɗan. Ka shafa giris ɗan mitsitsi a inda leɓen ke gogar ƙarfe.

Ku lura da kyau, a waje na ce. Ina nanata wannan ne saboda tabon da ke gwiwar hannuna. A 1988, ina yaron gida wurin ubangidana mai fataucin goro, shi ya ba ni Raleigh ɗinsa ina bin Iperu da Ilishan da Ode-Remo ina tattaro kaya. Na ga ruwa na shiga wuyan, sai wayo ya kama ni. Na yanka faifan roba daga tsohon silifa, na huda tsakiya, na cusa shi a cikin kwano tare da boris, na ɗaure tamau. A tsaye lafiya lau, babu girgiɗi. Ashe ba a kan boris na ɗaure ba, a kan roba na ɗaure. Kwana uku robar ta lotse, boris suka tauna ta, gutsattsarinta suka shiga tsakaninsu. Ina saukowa wata gangara da kwando biyu na goro, wuyan ya yi sako-sako sannan ya cije lokaci guda. Na tashi a cikin kwata, goro ya watsu a taɓo. Ku da kuke harkar kun san goron da ya bugu ya ƙuje ba ya ajiyuwa. Ubangidana, Allah ya jiƙansa, bai dake ni ba. Kallona ya yi ya ce, ƙaramin sani ƙuƙumi ne, sannan ya cire kuɗin daga ladana har wata uku. Saboda haka hanyar da boris ke bi, giris kaɗai ke shiga can. Ba roba, ba fata, ba zare.

Yadda za ka gane ɗaurinka ya yi, gwaji biyu ne. Na farko, ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, yatsanka a kan kwano. In ka ji ƙwas-ƙwas, bai ɗauru ba. Na biyu, ka ɗaga gaban keken sama ka ɗan karkata shi. Kan ya kamata ya faɗi gefe da kansa, sumul. In ya tsaya, ko yana tafiya yana cijewa, ka matse da yawa ko kuma robar ta kama. Ka yi gwajin kafin ka sauko da zoben, ka sake yi bayan ka sauko da shi, don ka san wanne ne mai laifi. Kuma lokacin ɗaure notin sama ka riƙe kwanon da wata sifanar, in ba haka ba noti zai ja shi ya ɓata maka saiti.

Akwai abin da wannan roba ba za ta yi maka ba, kuma gara in faɗa tun yanzu kada gobe a zo rumfata da ƙorafi. Ba ta warkar da wuyan da ya riga ya mutu. Bayan ka wanke kwano, ka kai shi rana ka duba hanyar boris. In ka ga ƙananan ramuka a jere, kowane boris ya haƙa wa kansa gurbi, to shi ne ke sa kan keke ya riƙa maƙalewa a tsakiya kamar an sa masa sakata. Irin wannan ne ya kayar da yaron nan. In ramukan ba su yi zurfi ba akwai dabara: ka jefar da kejin, ka zuba sababbin boris a sake. Ba keji, kwano zai ɗauki boris fiye da da, don haka ba za su koma cikin tsofaffin gurabun daidai ba. Ka cika kwanon, sannan ka cire ɗaya ko biyu don su sami wurin motsi. Wannan zai kai ka wani lokaci. Amma in kwanon ya tsage, ko ramin har farce na kamawa, kada ka yi wa ranka rowa, ka canza saitin. Kuma boris kada a gauraya tsoho da sabo, tsohon ya riga ya ƙanƙance, sabon ne zai ɗauki nauyin shi kaɗai.

Maganar giris kuma. Na ga mai sa baƙin mai, na ga mai sa basilin, har na ga wanda ya sa manja, yana cewa ai mai mai ne. Baƙin mai zai tsiyaye cikin kwana biyu, basilin rana na dukansa ya narke, manja kuwa ban san me zan ce ba, sai dai in ce miya ta fi bukatarsa. Giris na mota da ake sayarwa a gwangwani ko a ƙulle a leda shi ne daidai, in ka sami wanda masu jirgin ruwa ke amfani da shi ya fi, don ruwa bai wanke shi da sauri. Sai dai ku sani robar tub ba ta shiri da mai, a hankali takan kumbura ta yi laushi, rana kuma tana tsattsaga ta. Don haka ba abin shekara biyar ba ne. Ni a kekena sau biyu nake dubawa a shekara, farkon Maris kafin ruwa ya sauka, da kuma Nuwamba in ya ɗauke. Tub ɗaya zai ba ka zobe fiye da ashirin, ba ka da hujjar barin ruɓaɓɓe. Wata dabarar ita ce, tunda ka riga ka kwance fok, ka sa zobe biyu, ɗaya ka naɗe shi can sama a jikin bodi yana jira. Ranar da na farko ya yage sai ka yanke shi ka sauko da na biyu, ba sai ka sake kwance komai ba.

Kwanon sama bai cika ba da wahala ba, tunda shi kife yake kamar hula. Amma ruwan sama yakan bi sandar kan keke ya gangara ciki. A nan in ka je wurin masu kayan janareto ko na babur ka nemi baƙin zoben roba mai zagaye, wanda suke kira o-rin, daidai kaurin sandar, ka zura shi ya zauna a kan noti, ya wadatar. Shi wannan an yi shi ne don zama cikin mai, ya fi tub daɗewa.

Akwai kuma wata al'ada da nake so mu bari, ko da yake na san wasu yayyena a nan suna yi, su yi mini afuwa. In ka leƙa ƙarƙashin fok za ka ga bututun a buɗe yake. Wasu sukan toshe shi da tsumma ko toton masara wai kada taɓo ya shiga. To ruwan da ya shigo ta sama ta ina zai fita? Tsumman zai sha ruwa ya zauna, bututu ya yi ta tsatsa daga ciki inda ido bai gani, sandar kan keke ta manne har sai an sa wuta. Na taɓa yanka irin wannan da zarto a gaban mai shi, ruwa ya zubo baƙi ƙirin. Ku bar ramin a buɗe.

Ku kuma matasa, madigadi. Na rasa wanda ya gaya muku cire madigadi gayu ne. Kuna sayen keke, kafin ku kai gida kun kwance shi kun yar. Shi ne fa garkuwar farko, robar nan tawa ta biyu ce. Haka nan masu kai keke wurin wankin mota a sa masa ruwan inji mai ƙarfi, da masu tura shi cikin rafi su wanke, ku sani babu zoben da zai tare wannan, ko na kamfani ne. Bokiti da tsumma sun isa. In an yi ruwa ka dawo gida, ka ɗaga leɓen robar da farce ka ga ko ruwa ya taru, ka bar shi ya tsane.

Na ga shugaba yana duban agogo. Ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar zan ajiye ciniki na awa biyu. Duk mai keke ya kawo shi gaban rumfata, ya zo da tsohon tub in yana da shi, in ba shi da shi akwai tari a bayan rumfa. Giris da kananzir nawa ne, boris kuwa kowa zai biya nasa. Ba ni zan kwance muku ba, kowa da hannunsa zai yi ina tsaye a kansa. Yaron nan mai burodi ya warke, na kuma roƙe shi ya zo, shi zai fara nuna muku, don yanzu ya fi ni saurin yankan zoben.